Amsoshin Tambayoyinku: Zara, Gamzaki da Kafafen Sada Zumunta

Wani matashi daga Zariya ya rubuto cewa ya kamu da son kallon taurari. Ya sa manhajar Stellarium a kwamfutarsa ta gida, da dare ya hau soro ya gwada abin da ta nuna masa da abin da ke sama, ya ɗauki hoto ya ɗora a Facebook. Tambayarsa ita ce: wace ce Zara, wane ne Gamzaki?

Ɗana, madalla da wannan sha'awa. Zara da Gamzaki abu ɗaya ne, Larabawa suna kiransa Zuhura. In ta bayyana a yamma bayan magariba, kusa da jinjirin wata, Bahaushe ya ce Zara matar wata. In ta koma fitowa a gabas kafin alfijir, sai ya ce Gamzaki, wanda fatake da masu sammako suke duba don sanin asuba ta gabato. A wajen masana falaki ma ba tauraruwa ba ce, duniya ce irin tamu mai kewaya rana, hasken rana take maidowa. Ba ta yin nisa da rana, shi ya sa ba za ka taɓa ganinta a tsakar ka da tsakar dare ba. Takan yi wajen wata takwas a yamma, ta ɓuya, ta yi kamar haka a gabas, zagayen duka kwana 584.

Abin da ke damuna shi ne yadda matasanmu masu wannan harka suke rubuta bayani da Hausa amma sunayen duk na Turawa, kamar kakanninmu ba su taɓa ɗaga kai sama ba. Wannan curin ƙananan taurarin da ido yake ƙirga shida ko bakwai, sunansa Kaza da 'Ya'yanta, malamai kuma su ce Surayya. Malaman zaure sun daɗe suna lissafin shekara da taurari 28, kowace kwana 13, ban da Jabha mai kwana 14, jimla 365. Manomi dattijo yakan je ya tambayi malam ko Haƙa'a ta shiga, ko ana cikin Zira'a ko Nasara ko Ɗarfa, domin ya san inda damina ta kai. Wannan lissafin lokaci ne, ba duba ba ne, kuma masu haɗa su wuri guda suna zaluntar ilimi. Ka ɗauki littafin rubutu ka zauna da tsofaffin ƙauyenku, manhajarka ta nuna maka wuri, su su ba ka suna.

Wata malamar makaranta daga Maraɗi ta tambaya ko Zarar da ke cikin "zara ba ta barin dami" ita ce ta sama. A'a, malama. Wannan daga zare take, wato a riƙa zarar zangarniya ɗaya-ɗaya har damin ya ƙare.

Wani daga Kumasi yana son sanin dalilin cewa "tauraruwa mai wutsiya, ganinki ba alheri ba". Mutanen da sun ɗauki bayyanarta alamar fari ko yaƙi ko mutuwar sarki, kuma ba Hausawa kaɗai ba. Ita dai dunƙulen ƙanƙara ce da ƙura, in ta matso kusa da rana zafi ya sa ta fitar da tururi, shi ne wutsiyar. Wadda ta fi shahara, ta Halley, an gan ta a 1910 da 1986, ana sa ran dawowarta a 2061. Karin maganar kuwa ya daɗe da saukowa ƙasa: ana jifar mutumin da ba ya zuwa sai da mugun labari ko fitina. Kada a rikita ta da wadda take gilmawa cikin ƙiftawar ido, wannan tsakuwa ce ta ƙone a iska.

Na'ura mai ƙwaƙwalwa ko kwamfuta? Duka daidai ne. A rubutu na fi son ta farko, a baki ta biyu ta riga ta zauna.

Tambaya ta ƙarshe daga wata ɗaliba a Katsina: shin "zumunci a kafa yake" yana nufin kafafen sada zumunta? 'Yata, tambayarki ta nuna ɓarnar da sakacin rubutu yake yi. Ƙafa ce, mai lanƙwasa, wadda ake takawa a je gidan ɗan'uwa a gaishe shi, a yi masa barka ko ta'aziyya. Kafa kuwa ƙofa ce ko huda ko hanyar da abu ke bi, jam'inta kafafe ko kafofi, daga nan aka samo kafafen yaɗa labarai, daga baya kafafen sada zumunta. Mai rubutu ya yar da lanƙwasa ɗaya, karin magana ya juye ya koma yana faɗin kishiyar abin da magabata suka nufa, har yarinya mai hankali ta ɗauka tura saƙo a WhatsApp ake yabo. A da ana kafa hujja da keken rubutu, yanzu kuwa wayoyi suna karɓar allon rubutu mai ɓ da ɗ da ƙ, saukar da shi kawai ake yi. Wanda ya iya neman tauraron ɗan'adam a manhaja ba zai gaza neman haruffa uku ba. Haka ake rubuta baki a wurin baƙi, da kari a wurin ƙari, mai karatu ya yi ta lalube. Sauran tambayoyin, har da ta husufin rana na 2006, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.