Vampires, Realm of Magic ko Werewolves: wanne za a fara saye a The Sims 4?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce, ina zaune a unguwar Birni. Na sauke The Sims 4, wasan da ake tafiyar da rayuwar mutane a cikinsa, a kwamfutata mai RAM giga 8, har na fara gajiya da gina gida da aurar da 'ya'ya. Yayana da ke karatu a waje ya ce zai biya mini ƙari ɗaya tak, wato kunshin sababbin abubuwa da ake saya a ɗora a kan wasan. Tsakanin na masu shan jini, na matsafa da na masu rikiɗa, wanne zan ɗauka?

Amsa: Ƙanwata, ki ce masa Vampires, na masu shan jini. Ga dalilina.

Dukkan ukun matsakaitan ƙari ne, kowanne yuro 20 in ba a yi rangwame ba, wato jika 13 da 'yan kai a kuɗin sefa. Manyan ƙari kuwa ninki biyu ne. Tun da kamfanin EA ya mayar da ainihin wasan kyauta a watan Oktoban 2022, a kan waɗannan ƙarin yake cin kasuwarsa, don haka kada kyan talla ya ruɗe ki.

Vampires ne mafi tsufa, ya fito a Janairun 2017, amma har yau ban ga wanda ya kai shi tsari ba. Mai shan jini yana hawa matakai biyar, kuma in ƙarfinsa ya ƙaru, wasan yana tilasta miki ki zaɓar masa wani rauni. Kin ba shi ikon zama jemage ko ɓacewa cikin hazo, to sai ki yarda rana ta ƙara ƙona shi, ko cikinsa ya ƙi abincin mutane, ko ya kasa barci sai cikin akwatin gawa. Wannan ciniki shi ne daɗin abin. Ki ɗauka kin tura shi aiki da safe: yana fita fatarsa ta fara hayaƙi, ƙishin jini na hawa, ga abokin aiki a gefe. Ko dai ya nemi izini, ko ya afka masa su ɓata, ko kuma tun daren jiya kin tanadar masa 'ya'yan itacen plasma, masu kashe ƙishin jini, daga lambunsa. In kika bar shi a rana ya daɗe, mutuwa zai yi. Garin da ke zuwa da shi, Forgotten Hollow, ƙarami ne, filaye biyar kacal, amma darensa ya fi na sauran garuruwa tsawo, kuma tsohon nan Vladislaus Straud yakan zo ƙofar gida cikin dare ba a gayyace shi ba.

Realm of Magic, na Satumban 2019, shi ya fi kyan gani. Ana bi ta wata ƙofa a garin Glimmerbrook a faɗa duniyar tsibirai masu shawagi, a koyi tsafi iri uku a wajen malamansa, a hau tsintsiya. Matsalarsa sauƙi. Da zarar matsafiyarki ta iya gyara abin da ya lalace, da share gida, da fito da abinci daga iska, ta kuma iya haɗa maganin da ke cika dukkan buƙatun jiki a kurɓi ɗaya, to me ya rage? Akwai la'ana da ke kama wanda ya zaƙe, amma ba ta da wuyar kaucewa. Wanda ya gaji da wahalar wasan zai so shi. Ke kuwa sauƙin ne ya gundure ki.

Werewolves na Yunin 2022 shi ne na biyu a wurina, kuma ba da tazara mai yawa ba. Mutum yana da ma'aunin fushi, in ya cika sai ya rikiɗe ya zama kyarkeci, ya farfasa kayan gida, ya tsorata maƙwabta, musamman daren da wata ya cika. Garin Moonwood Mill yana da ƙungiyoyi biyu da za a iya shiga, Moonwood Collective da Wildfangs, da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, da wani mugu mai suna Greg da ba a kusantarsa a banza. Ta fannin labari ya fi Vampires. Sai dai in ke mai ɓata awoyi wajen jera kujeru da labule ce, ranki zai ɓaci.

Akwai kuma Paranormal na 2021, na gida mai fatalwa, rabin kuɗin waɗancan, amma ba ya riƙe mutum da daɗewa.

In wasanki da Faransanci yake, sunayen da yayanki zai nema su ne Vampires, Monde magique da Loups-garous. Ki tabbatar ya saya a asusunki na EA ko na Steam (shagon sayen wasannin kwamfuta a intanet), wanda kike wasa da shi. Abin da aka saya wa PlayStation ba ya dawowa kwamfuta. In zai iya haƙuri har lokacin rangwamen ƙarshen shekara, mai yiwuwa kuɗin ɗaya su kusa isar biyu. Giga 8 ɗinki ya isa, amma da zafinmu na Damagaram ki kunna yanayin Laptop Mode a saitin hoto, kada ki ɗora kwamfutar kan katifa, kuma ki riƙa adana wasa kafin wuta ta ɗauke. Wani abu kuma da kika fi ni sani: gidanku. In Hajiya ba za ta ji daɗin ganin tukunyar tsafi a allo ba, wannan ma dalili ne na barin Realm of Magic.

Tambaya: Wani mai shago a kasuwar Dole ya ce zai zuba mini dukkan ƙarin a kan jika biyu. In yarda? Kuma akwai shi a waya?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yarda. Kwafin sata ne, ba ya karɓar sabuntawa ta hanyar da ta dace, kuma irinsa kan shigo da manhajar da ke kwashe kalmomin sirri. The Sims 4 babu shi a waya. Wanda ke Play Store shi ne The Sims FreePlay, wasa ne daban, kuma waɗannan ƙarin ba sa hawa kansa.