Na shigar da lambobi 8 bayan ɗigo, manhaja ta nuna mini 5

Tambaya: Assalamu alaikum. Safiyo ya auna mini iyakokin fili, ya ba ni latitudi da longitudi masu lambobi 8 bayan ɗigo. Da na zuba su a manhajar taswira sai na ga 5 kawai take nunawa. Shin sauran sun salwanta ne? Kuma yaya zan adana su ba tare da an gutsure su ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kwantar da hankalinka, galibi suna nan. Abin da manhaja ke nunawa a allo daban, abin da take ajiyewa a ciki daban. Shiga saitinta ka ƙara yawan lambobin da za ta nuna, ko ka fitar da wurin a fayil na GPX, wato nau'in fayil na ajiye wuraren GPS, ka buɗe shi kamar rubutu. In ka ga 8 ɗinka a ciki, to ba abin da ya ɓace.

Amma fara sanin nauyin kowace lamba. Digiri ɗaya na latitudi kusan kilomita 111 ne. Don haka lamba ta 5 bayan ɗigo tana daidai da mita ɗaya da 'yan kai, ta 6 santimita 11, ta 7 santimita ɗaya, ta 8 kuwa milimita ɗaya. Wayar hannu ko ƙaramar na'urar GPS takan kuskure da mita 3 zuwa 5 ko a fili fetal, saboda haka a wurinta duk abin da ya wuce lamba ta 5 ado ne kawai. Kayan safiyo masu aiki da RTK, wato dabarar gyara kuskuren GPS nan take, su ne ke kai santimita, kuma lambobi 7 sun ishe su. Taswirar intanet ta OpenStreetMap ma 7 take ajiyewa.

Inda ake asara ta gaske shi ne wajen ajiya. Idan rumbun bayanai ya sa lambar a gurbi mai bit 32 (ƙaramin gurbin ajiye lamba mai ɗigo), lambobi kusan 7 kaɗai yake iya riƙewa gaba ɗaya, har da na kafin ɗigo. Longitudi irin 150.12345678 na iya gocewa har kusan mita ɗaya, ba tare da wani gargaɗi ba. Zaɓi gurbi mai bit 64, wanda ke riƙe lambobi 15. Excel kuma yana da wani hali da ya sha cutar da mutane: in ka taƙaita lambobin da ke bayyana a gidan jadawali sannan ka adana a fayil na CSV, abin da ido ke gani shi zai rubuta. Ni dai shawarata ka ajiye takardar safiyon ko ainihin fayil ɗinsa a gefe, ka riƙa aiki da kwafi.

Wajen shigarwa, kada ka yi ta juyawa tsakanin digiri mai ɗigo da tsarin digiri, minti, sakan. Sakan ɗaya kusan mita 31 ne, in aka yanke ɗigonsa fili ya koma na maƙwabci. Kudu da yamma suna ɗaukar alamar ragi. Google Maps na fara karɓar latitudi, fayilolin taswira na KML da GeoJSON kuwa longitudi suke sawa gaba.

Abin da ya fi duk wannan girma, wanda ba ka tambaya ba, shi ne tushen awo, wato tsarin da aka ɗora lissafin latitudi da longitudi a kansa. GPS na aiki da tushen da ake kira WGS84, lambarsa EPSG:4326. In safiyon ya yi amfani da wani tsohon tushe na ƙasa, kai kuma ka shigar a matsayin WGS84, wurin na iya tashi da mita gommai ko ɗaruruwa, lambobinka 8 suna nan cif. Ƙasar kanta ma tafiya take yi: Ostireliya na matsawa kusan santimita 7 a shekara, har ta sauya tushen awonta daga GDA94 zuwa GDA2020, bambancin kusan mita 1.8. Koma wurin safiyon ka tambaye shi tushen da ya yi aiki da shi da ranar awon, ka rubuta su a jikin fayil ɗin.