Amsa: Shin Victor ya cancanci tausayi?

Malama, kin tambaya ko Victor ya cancanci tausayi a Frankenstein, littafin Mary Shelley na 1818. Ni dai tausayina yana wajen halittar da Victor ya ƙera ya ba ta rai. Victor shi ya zaɓi kaɗaicinsa, ya kulle kansa a birnin Ingolstadt har ya daina rubuta wa gida wasiƙa. Ita kuwa, daren da ta buɗe ido wanda ya ƙera ta ya tsere, iyalan De Lacey da take kai wa itace a ɓoye ma suka guje ta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Justine, mai aikin gidan su Victor da aka zarga da kisan kai. Victor ya tabbata ba ita ta kashe ƙaninsa William ba, amma ya yi gum don kada a ce ya haukace, har aka zartar mata da hukuncin kisa. Nadamarsa ta gaskiya ce, sai dai ba ta sa ya buɗe baki a kotu ba.