Kilo 3 bayan babbar sallah, kitse ne ko me?

Tambaya: Salam likita, ni daga Garwa nake rubuto miki. Duk shekara bayan layya in na hau sikeli sai in ga na ƙaru da kilo 3 ko fiye, har ɗinkin sallar ma ya fara matse ni. Bana ina so in kiyaye amma ba na son in ƙi cin nama a gidajen dangi a ce ina girman kai. Dan Allah ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ki kwantar da hankalinki tukuna, kilo 3 ɗin da kike gani kwana uku bayan sallah yawancinsa ruwa ne. Kafin jiki ya tara kitse kilo 1 sai mutum ya ci rarar kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) wajen 7,700, to kilo 3 kin ga ya haura 23,000 ke nan, alhali mace abin da take buƙata a wuni bai wuce wajen 2,000 ba. Ko ke kaɗai kika tasa ragon a gaba ba za ki tara wannan a kwana uku ba. Gishiri da magi da yajin da aka zuba wa naman su ke riƙe ruwa a jiki, ga shinkafa da cincin su ma jiki na ajiye su tare da ruwa, ga kuma abincin da bai gama fita daga ciki ba. Ki koma cimarki ta kullum, cikin mako guda za ki ga sikeli ya sauko.

Inda ƙibar gaske take shigowa shi ne bayan baƙi sun watse. Wannan naman da aka soya da kitsensa aka zuba a babbar roba aka tura ƙarƙashin gado, in za ki wuce ki ɗauki tsoka biyu, in za ki dawo ki ƙara ɗaya, kina kallon waya kina tauna, haka har wata ya ƙare kuma in an tambaye ki ki rantse ba ki ci komai ba yau. Cokalin mai guda na cin abinci kalori 120 ne, kuma soyayyen naman layya a cikinsa yake kwana. Ni dai shawarata ki rage abin da kike ajiyewa tun ranar rabo, maƙwabta da mabuƙata su samu kaso mai kauri, wanda ya rage a yi kilishi ko a gasa, ki riƙa ɗiba a faranti lokacin cin abinci kawai tare da miyar kuka ko ganye.

Sai abin sha, wanda mutane ba sa lissafawa sam. Lemon kwalba na gwangwani ɗaya sukarinsa ya kai giram 35, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce kar babba ya wuce kamar giram 50 a wuni, in ya tsaya a 25 ma ya fi. Yanzu ki lissafa yawon sallah gida biyar, nan lemo, can folere, wato zoɓo, da aka cika wa sukari, gaba shayi kofi biyu. Naman kam ki karɓa ki ci tsoka ɗaya ki yi godiya, ba wanda zai ce kin raina shi, amma abin sha ki ce a ba ki ruwan sanyi, da zafin Garwa wa zai yi mamaki?

Kar ki wuni da yunwa wai kina tanadin ciki, in kin isa gidan farko sai kin ci na mutum biyu. Gidajen da ke kusa ki bar moto ki taka da ƙafa bayan la'asar, minti 30 a kwana biyar na mako ya ba ki minti 150 ɗin da ake so. Shayin rage ƙiban da ake tallarsa a Facebook kuwa yawanci gudawa yake sa wa, ruwa ne yake fita.

In kina da hawan jini ko ciwon suga, ki sassauta gishiri da kayan ciki, kuma kar hidima ta sa ki tsallake magani. Ki ari tef ɗin tela ki auna ƙugunki daidai cibiya kafin sallah, ki sake aunawa bayan wata ɗaya, ana so kar ya wuce rabin tsawonki.