Amsa ga mai tambayar kwanan daji a hanyar kanal ɗin C&O

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma. Na ji tambayar da ƙanenmu ya ajiye tun safe, aiki ne ya riƙe ni sai yanzu. Ya ce shi da abokinsa suna so su hau keke daga Washington su bi hanyar nan ta bakin kanal ɗin C&O, su kwana a hanya cikin tanti. Yana tambaya wai da gaske kyauta ne, akwai tsaro kuwa, kuma me za su ɗauka. To ƙanena, saurara da kyau, maganar za ta ɗan yi tsawo, don na bi hanyar nan ba sau ɗaya ba, kuma ina son ta har cikin raina.

Da farko, ga waɗanda ba su san wurin ba. Kanal ne da aka haƙa da hannu, ya bi gefen kogin Potomac tun daga unguwar Georgetown a Washington har garin Cumberland a yammacin Maryland. Tsawonsa mil 184 da rabi, wato kilomita 297 ke nan. Wanda ya san kanal ɗin noman rani na wajajen Kura da Kadawa ya gane siffar abin, sai dai wannan ba don ban-ruwa aka yi shi ba, don jiragen ruwa masu dakon gawayin kwal aka yi. Jiragen ba su da inji, alfadarai ne ke jan su da igiya, suna tafiya a wata 'yar hanya a gefen ruwan. To wannan hanyar alfadarai ita ce za ku hau. Shi ya sa a miƙe take, babu hawa babu gangara. Daga farko har ƙarshe tashin da ƙasar ta yi bai wuce ƙafa 605 ba, sai a bakin ƙofofin ruwa inda ake ɗaga jirgi ko a sauke shi, guda 74 ne, za ka ji ɗan tudu kaɗan, kafin ka ankara ka wuce.

Batun kyauta, da gaske ne. Akwai wuraren kwana 31 da aka ware wa masu tafiyar ƙafa da masu keke. Ba ka biyan ko sisi, ba a kama wuri tun daga gida, wanda ya riga zuwa shi ya zaɓi inda zai kafa. Tsakanin wannan da wancan yawanci mil 5 ne zuwa 8. Dare ɗaya ake yarda ka yi a wuri ɗaya, gari ya waye ka yi gaba. Ayari kada ya wuce mutum 8.

Amma kada kalmar "wurin kwana" ta ruɗe ka. Fili ne kawai da aka sare ciyawarsa tsakanin hanya da kogi. Abu huɗu za ka tarar: tebur na katako, murhun ƙarfe, bayan gida irin na roba da ake ajiyewa wurin gine-gine, sai famfon tuƙa-tuƙa. Iyakarta ke nan. Babu lantarki, babu banɗakin wanka, babu mai gadi, babu kwandon shara. Duk ledar da ka buɗe, a jakarka za ta koma har ka isa gari.

Yauwa, famfon nan. Nan ne nake so in daɗe, don a kansa mutane suke shan wahala, ni ma a kansa na sha tawa. Abu na farko, ana cire hannun famfon idan sanyi ya shigo, wajen tsakiyar Nuwamba, ba a mayarwa sai wajen tsakiyar Afrilu, saboda ƙanƙara. Shekarar da na fara zuwa, farkon Afrilu na tafi, ban bincika ba, laifina ne. Na iso wurin kwana na Marble Quarry dab da magariba da ruwa bai fi rabin gora ba, na tarar da famfo a tsaye babu hannu. Wallahi daren nan ban dafa komai ba, dabino na ci, na yi ta kurɓar ruwan kaɗan-kaɗan kamar magani. Ga kogi a gabana yana ta wucewa, amma ba ni da abin tace shi. Tun daga ranar ban sake fita ba sai na duba shafin hukumar gandun dajin na ga wane famfo ke aiki, don ko a lokacin zafi akan rufe wani idan gwajin ruwansa bai yi kyau ba.

Abu na biyu, a da suna zuba wa rijiyoyin sinadarin ayodin, mutane su sha kai tsaye. Yanzu an kafa alama a wuraren kwanan nan cewa ruwan ba na sha ba ne sai ka gyara shi da kanka. Saboda haka ka tafi da 'yar matatar ruwa ta hannu, ko ƙwayar da ake jefawa a gora, ko ka tafasa. Ni tacewa nake yi, sannan na shayi in tafasa. Za ka ga wani famfon sai ka yi ta tuƙawa kafin ya kawo, ya fito ja-ja da warin ƙarfe. Ka bar na farkon ya zube. Kuma ka ɗauki wannan a matsayin doka: duk famfon da ka samu yana aiki, cika gorunanka, ko ba ka jin ƙishi. Mu da muke alwala sau biyar lissafin ruwanmu ba irin na abokan tafiyarmu Turawa ba ne. Ka sa 'yar buta ta roba a kaya, nauyinta ba komai ba ne, kuma a bayan gidan nan za ka gode wa Allah da ka ɗauko ta.

Tunda na taɓo salla, alƙibla daga Maryland arewa maso gabas take, kusan digiri 57. Ka duba ta tun kana da sabis, ko ka riƙe ƙaramin kamfas, domin da ka wuce garin Hancock akwai wurare masu nisa da waya ba ta kamawa. Ni dai ban taɓa shimfiɗa sallaya a wurin nan wani ya ɗaga mini ido ba. Wata rana ma wani dattijo da matarsa suka yi shiru da hirarsu har na sallame, sannan suka miƙo mini kofi. Sallar asuba a bakin Potomac, hazo na tashi daga kan ruwa, tsuntsaye sun fara kuka, ƙanena, abin sai wanda ya gani.



Tsaro. Ni ban taɓa gamuwa da mugun mutum a can ba, akasari masu keke ne da suka gaji, kowa ya ci abinci ya shige tanti. Duk da haka ina da nawa tsarin. Nakan guji wuraren da ke kusa da inda mota ke iya tsayawa, kamar Swains Lock, wanda shi ne na farko, a mil 16 da 'yan kai, don a ƙarshen mako yakan cika da 'yan shan iska. Gara in ƙara gaba zuwa inda sai da ƙafa ko keke ake kaiwa. Ina ɗaure kekena da sarƙa a jikin tebur. Ina gaya wa uwargida sunan wurin da zan kwana da lambar mil ɗin, don kowane mil akwai alamarsa a gefen hanya. Kai ma ka turo mana nan gidan kafin ka shiga inda babu sabis.

Abin da nake tsoro a dajin nan bai kai ƙwayar gero girma ba. Kaska ce. Kada ka ce ai ka san kaska a jikin shanu da karnuka a gida. Ta nan wata iri ce, ƙarama ƙwarai, kuma tana ɗauke da cutar da ake kira Laim, mai kama gaɓoɓi idan aka bar ta. Ka sa dogon wando, ka cusa shi cikin safa, ka fesa magani, sannan kowane dare ka haska tocila ka duba jikinka, hammata, bayan gwiwa, ƙugu. Idan ka dawo ka ga jan tabo yana faɗi a fata ko zazzaɓi ya kama ka, ka tafi asibiti ka ce ka kwana a daji. Akwai kuma wani tsiro mai ganye uku-uku da ke hawa bishiya, idan ya taɓa fata sai ƙuraje da ƙaiƙayi na makonni, ka nemi hotonsa ka gane shi kafin ka je neman itace. Abinci kuwa kada ya kwana cikin tanti. Ɓeraye da wata dabba mai zanen baƙi a ido za su huda maka tanti saboda ƙuli-ƙuli ɗaya, can yamma kuma akwai beyar. Ka ƙulle a jaka ka rataye nesa da inda kake kwance.

Sai jirgin ƙasa. Wuraren kwana na Calico Rocks da Bald Eagle Island, tsakanin mil 47 da 51, layin dogo na nan gab da su, jiragen kaya na wucewa cikin dare har ƙasa na rawa. Idan barcinka ba nauyi gare shi ba, wuce su.

Jirgin nan ma shi ya karya kanal ɗin tun asali. Rana ɗaya aka fara aikinsu, 4 ga Yuli 1828. Shugaban Amurka John Quincy Adams ya sari ƙasar farko ta kanal, a Baltimore kuma aka aza harsashin layin dogo. Jirgi ya isa Cumberland a 1842, kanal bai isa ba sai 1850. Ya dai yi ta lallaɓawa har ambaliyar 1924 ta rufe shi. Daga baya aka so a zuba kwalta a mayar da shi titin mota. Wani alƙalin Kotun Ƙoli, William Douglas, ya ƙi, ya ƙalubalanci editocin jaridar da suka goyi bayan titin su zo su taka hanyar da ƙafa tare da shi. A watan Maris 1954 suka yi kwana 8 suna tafiya, mutum 9 ne suka kai ƙarshe. A 1971 aka mayar da wurin gandun tarihi na ƙasa. Duk sanda na kafa tanti ban biya kowa ba, nakan tuna tafiyar dattijon nan. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na tarar wani ya bar gwangwani a murhu.

Kaya kuma, kada ka cika. Tanti, buhun barci, 'yar katifar iska, rigar ruwa, tocilar goshi, fawa banki, ɗan risho na gas da tukunya ɗaya. Na keke: tif biyu, kayan faci, famfo, man sarƙa, da ƙararrawa. Taya mai ɗan faɗi ta fi, don wasu wuraren an zuba musu dakakken dutse sun yi sumul, wasu kuwa da an yi ruwa sai caɓi da saiwoyi. Abinci namu na gida ya fi nasu dacewa da wannan tafiya: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, dambun nama, Indomie, kayan shayi. Za ka iya ƙara guzuri a Brunswick, mil 55, ko Williamsport wajen mil 100, ko Hancock, mil 124. Daga Hancock zuwa Cumberland kuwa mil 60 ne da shaguna suka yi ƙaranci, ka cika jaka kafin ka bar garin.

A wannan ɓangaren ne ramin Paw Paw yake, wajen mil 155. Dutse aka huda, ƙafa 3,118, kusan kilomita ɗaya, shekara 14 aka yi ana aikinsa. Ciki duhu ne ƙirin, ruwa na ɗiga, sai ka sauka ka tura keke da tocila. Ka shafa katakon da ke gefen hanyar, a wasu wuraren za ka ji gurbin da igiyar alfadarai ta ci. Sunan kuma na wani ɗan itace ne da ke cike a bakin hanyar, yana nuna a Satumba. Kada ka zaci gwanda ce irin tamu. Danginsu ɗaya da gwandar daji, ciki rawaya, ga manyan ƙwallaye, ɗanɗanonsa tsakanin ayaba da mangwaro. Ranar da na fara tsintar ɗaya na fasa, ƙanshin ya mayar da ni gonar kakana.

To ga shawarata. Kada ku ce sai Cumberland a fitar farko. Masu yin ta duka sukan ɗauki kwana 3 zuwa 5, su dawo a jirgin ƙasa na Amtrak, wanda sau ɗaya yake wucewa a rana, kuma sai an kama wa keke wuri tun da wuri. Ku fara da dare ɗaya. Ku tashi daga Georgetown da safe ranar Asabar, ku tsaya Great Falls a mil 14 ku ga ruwa, ku yi azahar, ku kwana Chisel Branch a mil 30 ko Turtle Run a mil 34. Ku isa saura awa biyu rana ta faɗi, don kafa tanti cikin duhu da sauro ba daɗi. Lahadi ku juyo. A daren nan guda za ku gane abin da kuka ɗauka a banza da abin da kuka manta. Watan Mayu ko ƙarshen Satumba zuwa Oktoba sun fi, Yuli da Agusta akwai gumi da sauro. Idan an kwana biyu ana ruwan sama, ku ɗaga tafiyar, don Potomac yakan cika ya hau hanya.

Ina da tanti na mutum biyu da matatar ruwa, suna nan a gareji. Ka biyo bayan sallar Juma'a ka karɓa, ka taho da keken in duba maka birki, mu kafa tantin sau ɗaya a bayan gida ka ga yadda ake yi. Duk wanda ke son bin su a cikinku ya yi magana kafin Laraba. Sai na ji ku.