Me Ya Sa Magoya Bayan Ƙwallon Jami'o'in Amurka Ke Tsaki da Talabijin?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Bara na zo karatu jihar Ohio, na tarar mutanen nan ba su da abin so kamar ƙwallon Amurka ta jami'o'i. Abin da ya ɗaure min kai, duk sanda aka ce za a haska wasansu a faɗin ƙasa, sai in ji tsofaffin magoya baya suna tsaki. Ashe ba abin alfahari ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Alfahari kam akwai, kuɗi ma akwai. A 2022 rukunin jami'o'i na Big Ten, wanda jami'ar Ohio State ke ciki, ya sayar wa tashoshin Fox da CBS da NBC haƙƙin nuna wasanninsa na shekara bakwai a kan kimanin dala biliyan 7. To ka san kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Askin farko shi ne lokaci. Tasha ce ke yanke sa'ar da za a take wasa, galibi saura kwana 12 a sanar, wani sa'in ma shida. Ka duba magidancin da zai tuƙo iyalinsa tafiyar awa biyar, bai san ko ya kama ɗakin otal ko a ranar zai juya ba. Fox kuma ta fi son sa babban wasanta ƙarfe 12 na rana. Wannan na ƙona wa mutanen Columbus, garin da Ohio State take, rai, domin rabin daɗin ranar a filin ajiye motoci yake, inda ake kafa rumfuna, a gasa nama, a sha hira da tsofaffin abokan karatu. Wasan tsakar rana ya datse wannan. Ƙananan makarantu irin su Toledo da Akron nasu ya fi muni: a watan Nuwamba, daren Talata ko Laraba ake sa su, cikin sanyi mai ratsa ƙashi, don kawai tashar ESPN ta samu abin nunawa. Kyamara na kauce wa kujerun da ba kowa.

In ka shiga fili, ka lura da wani mutum mai jar hula a bakin layi. Muddin yana tsaye cikin fili, ba a ci gaba da wasa, talla ake yi. Minti 60 ne a agogo, amma sai a haura awa uku. Na gida ya tashi ya ɗebo ruwa, kai kuwa kana zaune kana kallon 'yan wasa suna jiran sabulu da mota su gama.

A ganina babbar asarar ba nan take ba. Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta ƙwace ikon cinikin talabijin daga hannun NCAA, hukumar wasannin jami'o'in ƙasar, a 1984, makarantu ke bin inda kuɗi ya fi tsoka. A 2024 jami'o'in USC da UCLA na Los Angeles da Oregon da Washington suka bar rukunin Pac-12 suka koma Big Ten, rukunin Pac-12 mai tarihin sama da shekara ɗari ya watse, aka bar Oregon State da Washington State su kaɗai. Yanzu ƙungiyar Los Angeles na iya zuwa wasa New Jersey, kusan kilomita 4,000. Wane ɗalibi ne zai bi ta? Oklahoma da Oklahoma State, maƙwabtan da suka fara karawa tun 1904, sun daina haɗuwar shekara-shekara bayan 2023, da Oklahoma ta koma wani rukuni. Jikan da ya gaji wannan adawa daga kakansa ba shi da inda zai kai ta.

Ko na gidan ma bai tsira ba, wasu wasannin sai ya biya Peacock, dandalin kallo ta intanet, daban.

Idan kana son ganin abin da dattawan nan ke kewa, ka je garin Alliance a nan Ohio wata Asabar ka kalli wasan ƙaramar jami'ar Mount Union. Da rana ake yi, tikiti ba tsada, kuma ka dawo gida kafin isha'i.