Ciniki Na Tafiya, Kuɗi Ba Sa Zama: Ko In Nemi Akanta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da shagon ɗinki da ma'aikata uku. Ciniki na tafiya, amma duk ƙarshen wata sai in rasa inda kuɗin suka shige. An ba ni shawarar in nemi akanta mai zaman kansa. Me zai yi mini wanda littafina ba ya yi? Anya ba ƙarin kashe kuɗi ba ne kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki neme shi, amma ba don ya zauna miki a shago kullum ba. Sana'a kamar taki, ya leƙo sau ɗaya a wata ko duk wata uku ya wadatar.

Littafinki yana faɗa miki abin da ya shigo da abin da ya fita ne kurum. Riba kuwa daban, kuɗin hannu daban. A ce kin yi aikin 100, yadi da zare da ladan ma'aikata sun ci 70. A takarda kin ci ribar 30. To amma idan 40 daga ciki bashi ne da ba a biya ki ba tukuna, 60 ne a hannunki, ko uwar kuɗi ba ta dawo ba. Haka nan kuɗin kafin alƙalami da wata ta bayar na ɗinkin da ba a fara ba: yana aljihunki, amma bai zama naki ba sai kin miƙa kaya. Akanta yana rubuta kowace mu'amala a gida biyu, inda kuɗi suka fito da inda suka nufa, tsarin da wani masanin lissafi mai suna Luca Pacioli ya yi bayaninsa a littafin da aka buga a Italiya tun 1494. Idan gidajen biyu ba su yi daidai ba, to akwai abin da ya sulale.

Zai kuma gwada littafinki da bayanan asusunki na banki layi-layi. A nan ake kama cajin banki da ba a lura da shi ba, da kuɗin da aka ce an turo alhali ba su shigo ba. Keken ɗinkin da zai yi miki aikin shekara biyar, zai raba kuɗinsa a kan shekarun biyar, kada watan da kika saye shi ya zama kamar kin karye. Sai tsara albashi, da cike takardun haraji kafin wa'adi ya wuce a ci ki tara, da haɗa rahoton da banki kan nema kafin ya ba da rance.

Na yi zargin ɓarakarki tana wuri guda: kuɗin gida da na shago suna kwana a jaka ɗaya. Kusan kowa haka yake farawa. Ki buɗe wa sana'ar asusunta daban, ki yanka wa kanki albashi. In ba haka ba, rabin abin da za ki biya akanta zai tafi ne wajen tsince cefane daga cikin ciniki.

Wajen zaɓe, ki tambaye shi ƙungiyar ƙwararrun da ya yi rajista da ita, ko ta ƙasarku ko ta duniya irin ACCA, ki kuma bincika da kanki. Ku rubuta yarjejeniya: wane aiki, yaushe, nawa. Wanda ya yi miki alkawarin shafe haraji tun bai ga rasit ko ɗaya ba, ki sallame shi. Kada kuma ki ba shi ikon cire kuɗi daga asusunki. Mai rubuta lissafi daban, mai riƙe kuɗi daban. Duk takardar harajin da ya cike, ki sa ya karanta miki ita dalla-dalla kafin ki sa hannu, domin idan an samu kuskure, ke hukuma za ta fara nema.